Blondin, Gwanin Tafiya a Kan Igiya

An haifi Jean-François Gravelet, wanda duniya ta sani da suna Blondin, a arewacin Faransa a shekarar 1824. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi makarantar koyon wasan motsa jiki a birnin Lyon. Bayan wata 6 ya fara nuna gwanintarsa a gaban jama'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1855 ya tafi Amurka. A can ne ya ga kogin Niagara, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse da rugugi, tsakanin Amurka da Kanada. Ran 30 ga Yuni 1859 aka ɗaure masa igiya mai tsawon ƙafa 1,100 daga wannan gaɓa zuwa waccan, ruwa kuwa yana can ƙasa kimanin ƙafa 160. Ya riƙe doguwar sandarsa ta daidaita jiki, ya haye lafiya, dubban mutane suna kallo.

Bai tsaya nan ba. Ya sake hayewa da idanu a ɗaure. Ya haye yana tura baro. Wata rana ya tsaya a tsakiyar igiya da ɗan murhu, ya soya ƙwai. Mafi hatsari duka shi ne ranar da ya goya manajansa, Harry Colcord, ya ƙetare da shi. Santsi ɗaya, da an rasa rai biyu.

Daga baya ya zauna a Ingila, ya ci gaba da wasa har ya haura shekara 70. Ya rasu a gidansa a Landan a 1897. Ciwon sukari ne ajalinsa, ba faɗuwa ba.

Labarinsa ya shiga littattafan yara masu zane. A 1992 Emily Arnold McCully ta wallafa Mirette on the High Wire, wanda ya ci lambar Caldecott a 1993. A cikinsa akwai wani gwani mai suna Bellini, wanda shi ma ya ƙetare Niagara, amma tsoro ya kama shi ya daina. Wata yarinya a birnin Paris ta yi ta hawa igiya tana faɗuwa har ta iya, daga baya ita ce ta taimake shi ya koma.

Mu 'yan makaranta mukan ga jarumtaka, mu manta da abin da ke ƙarƙashinta. Kafin Blondin ya taka igiyar Niagara, ya yi shekara 30 yana koyo da gwaji. Ba mu ce kowa ya je ya hau igiyar shanya ba. Igiyarmu ita ce lissafin da ke ba mu tsoro, da jarrabawar da ke gabanmu. Mu taka ta kullum, taki ɗaya bayan ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi.