Tarihin rayuwar James Hadley Chase

A ranar 6 ga watan Fabrairun 1985 ne James Hadley Chase, marubucin littattafan ƴan fashi da ƴan sandan ciki, ya mutu a gidansa da ke ƙauyen Corseaux a ƙasar Suwizalan, yana da shekaru 78.

A shekarun 1970 da 1980, da wuya a shiga makarantar sakandare a Sakkwato, Kano ko Zariya ba a tarar da littafinsa yana yawo daga hannu zuwa hannu ba, har sai bangonsa ya tsinke.

Galibin masu karatun sun ɗauka Ba'amurke ne, alhali kuwa ɗan Ingila ne.

Ƙuruciya

Sunansa na yanka René Brabazon Raymond, kuma an haife shi ne a birnin London ranar 24 ga watan Disambar 1906.

Mahaifinsa likitan dabbobi ne a rundunar sojan Birtaniya da ke Indiya, kuma ya so ɗan nasa ya karanci kimiyya.

Sai dai René ya bar gida yana ɗan shekara 18, ya kama tallar littattafai gida-gida, sannan ya yi aiki da wani dillalin littattafai.

A nan ne ya lura cewa labaran ƴan daban Amurka su ne suka fi samun kasuwa.

Don haka ya nemi taswirori da ƙamusun karin maganar ƴan iskan titin Amurka, ya rubuta littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939, game da wata ƴar attajiri da aka sace don neman kuɗin fansa.

Suna da shari'a

Littafin ya karɓu ƙwarai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Chase ya yi shi a rundunar sojan saman Birtaniya.

Amma fa ya sha suka. A 1944 marubucin nan George Orwell ya yi sharhi, inda ya ce littafin yana ɗaukaka ƙarfin tuwo da rashin tausayi.

Kafin nan, a 1942, wata kotu a London ta ci tarar Chase da masu buga masa littafi, bisa laifin batsa a cikin Miss Callaghan Comes to Grief.

An kuma zarge shi da kwafar wasu sassa daga rubutun Raymond Chandler, abin da ya kai ga neman gafara a bainar jama'a.

Ƙarshen rayuwa

Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai kimanin 90, wasu da sunan Raymond Marshall, kuma an mayar da da dama daga cikinsu finafinai.

Ko da yake a Amurka ya gina yawancin labaran nasa, ciki har da garin Paradise City da ya ƙago a jihar Florida, ziyarar da ya kai ƙasar gajera ce, kuma bai taɓa yin fice a can ba kamar yadda ya yi a Faransa, Indiya da Afirka.

Ya koma Faransa a 1956, sannan Suwizalan a 1969, inda ya zauna da matarsa Sylvia, yana ƙauracewa ƴan jarida har ƙarshen rayuwarsa.

Taurarin labaransa yawanci talakawa ne da kwaɗayin kuɗi ko son mace ya ja su ga aikata laifi, kuma ba kasafai suke wanyewa lafiya ba.