Agustin, Bishop na Hippo

Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata ɗan Afirka ne, daga ƙetaren hamadar da ayarin Kano suka daɗe suna ratsawa. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. Uwarsa Monika mai-bi ce, ubansa kuwa bai karɓi baftisma ba sai gab da mutuwarsa.

Yana da shekara 16, shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen wani maƙwabci, ba don yunwa ba, gama yawancinsu aladu suka zuba wa. Wannan ƙaramin abu ya dame shi har girmansa: me ya sa mutum ya kan so mugunta don kanta? Da ya tafi karatu a Kartaj ya shiga cikin mabiyan Mani, masu koyar da cewa iko biyu ne ke kokawa tun fil'azal, haske da duhu. Koyarwa ce mai daɗi ga mai zunubi, domin kullum laifin na duhu ne. Shekara 9 ya yi a cikinsu, Monika tana ta kuka da addu'a. A Milan ta Italiya ya ji wa'azin Bishop Ambros, ya tuba a 386, aka yi masa baftisma a 387. Ya komo gida, aka naɗa shi mai hidima a Hippo a 391, daga baya ya zama bishop.

Ya tarar da ekklisiyar Afirka a rabe. Cikin tsanani na shekara ta 303 waɗansu shugabanni sun miƙa Littattafai Masu-Tsarki ga hukuma don a ƙone. Mutanen Donatus suka ce waɗannan maciya amana ne, baftismar da ta fito daga hannunsu banza ce. Agustin ya tuna musu da Yahuda Iskariyoti, wanda Ubangiji ya haƙura da shi cikin sha biyun, yana sane. Ya koyar cewa ko da Yahuda ne ya yi wa mutum baftisma, Kristi ne mai yin ta. Amma a nan ba za mu rufa masa asiri ba: daga bisani ya yarda hukuma ta tilasta wa 'yan Donatus su komo. Wannan kuskure ne, ya kuwa haifi wahala mai yawa a zamanan baya.

Mun sha jin tambayar nan a ajin Littafi Mai-Tsarki a nan Kano. Luka 22:3 ya nuna Shaiɗan ya shiga Yahuda, Ayyukan Manzanni 2:23 kuwa ya nuna bisa ga nufin Allah aka ba da Yesu. To, laifin wane ne? Agustin ya lura cewa Uba ya ba da Ɗa, Ɗa ya ba da kansa, Yahuda kuma ya bashe shi. Aikin ɗaya ne, nufi ne ya bambanta: Uba da Ɗa don ƙauna, Yahuda don kuɗi. Shaiɗan a wurinsa ba kishiyar Allah ba ne mai iko daidai da nasa, halitta ne da ya lalace, kuma ba ya shiga zuciyar da ba a buɗe masa ba.

Gardamarsa ta ƙarshe da Felajiyas ce, mutumin Birtaniya, wanda ya ce ɗan adam yana iya kiyaye doka da ƙoƙarin kansa. Agustin, da ya san zuciyar kansa, ya dage a kan alheri da zaɓen Allah tun kafin halitta. Taron Kartaj na 418 ya ƙi koyarwar Felajiyas, amma batun zaɓe bai kwanta ba. Kalbin ya bi sawun Agustin, Arminiyas da Wesli suka ga an wuce gona da iri, har yau kuwa 'ya'yansu duka suna cikin majami'unmu.

A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Agustin yana kwance da zazzaɓi, ya sa aka rubuta Zabura ta tuba aka manna a bango inda idonsa zai kai, yana karantawa yana hawaye. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75.