Heike Kamerlingh Onnes: Masanin da ya gano lantarki maras turjiya

An haifi Heike Kamerlingh Onnes ranar 21 ga watan Satumba na shekarar 1853 a birnin Groningen na ƙasar Holan.

Ya yi karatu a birnin nasu da kuma Heidelberg ta Jamus, kana a shekarar 1882 aka naɗa shi farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Leiden.

Babban burinsa shi ne sanin halin da abubuwa kan shiga idan sanyi ya kai matuƙa. Da yake aikin na bukatar na'urori na musamman, sai ya kafa makarantar horar da maƙera da masu sarrafa gilashi a shekarar 1901.

Bayan shekaru 26 yana wannan fama, a ranar 10 ga watan Yulin 1908 ya zama mutum na farko da ya mayar da iskar heliyam ruwa, a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos.

A bisa al'ada, duk wayar da lantarki ke bi takan yi masa turjiya, har wani kaso ya salwanta a matsayin zafi. Wannan asara ce ke aukuwa a wayoyin da ke kai wuta garuruwa irin su Ƙafin Maiyaki da Tudun Wada a jihar Kano.

Wasu masana, ciki har da Lord Kelvin na Birtaniya, sun zaci tsananin sanyi zai tsayar da lantarki cak.

To amma a ranar 8 ga watan Afrilun 1911, da Onnes da mataimakansa suka sanyaya zaiba da ruwan heliyam, sai turjiyar ta ɓace baki ɗaya.

An ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1913. Ya rasu a Leiden ranar 21 ga watan Fabrairun 1926, ba tare da ya san musabbabin abin da ya gano ba.

Sai a shekarar 1957 ne wasu masana uku a Amurka, Bardeen da Cooper da Schrieffer, suka warware sirrin.

A yau, galibin na'urorin MRI masu ɗaukar hoton cikin jiki a asibitoci na aiki ne da irin waɗannan wayoyi da ake sanyayawa da heliyam.

Har yanzu dai masana na ci gaba da neman sinadarin da zai ɗauki lantarki babu asara ba tare da an sanyaya shi ba.