Tarihin Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihun da Ya Bayyana Hanyar Jini Tsakanin Zuciya da Huhu

 

Duk ɗalibin da ke karatun jinya ko ungozoma, a Malumfashi yake ko a Funtua, ana koya masa cewa jini yana fita daga ɓangaren zuciya na dama, ya ratsa huhu, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Wanda ya fara rubuta wannan bayani malami ne Bashafi'e, mai karantar da fiƙihu kuma likita, shi ne Ibnun Nafis, Allah ya jiƙansa.

Sunansa da tasowarsa

Shi ne Ala'uddin Abul Hasan Aliyu ɗan Abul Hazm Alƙurashi Addimashƙi. An haife shi a ƙasar Sham wajajen shekara ta 607 bayan Hijira, daidai da 1210 Miladiyya. Ya taso a Dimashƙa, ya karanci Larabci da fiƙihu da hadisi da manɗiƙi. Ilimin likita kuwa ya koye shi a asibitin da Sarki Nuruddin Zanki ya gina a birnin, a hannun shugaban likitocin lokacin, Muhazzabuddin Addakhwar. A wannan asibiti ɗalibi yakan karanta littafi, kuma ya bi malaminsa zagayen marasa lafiya ya gani da idonsa.

Daga baya ya koma Alƙahira ta ƙasar Masar, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, ya kai matsayin shugaban likitoci. Aikin asibiti bai raba shi da zauren karatu ba, domin ya karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya, har Tajuddin Assubki ya kawo tarihinsa cikin littafinsa na ɗabaƙoƙin malaman Shafi'iyya.

Abin da likitoci suka gada kafin shi

Sama da shekara 1,000 likitoci suna kan maganar Jalinus, likitan Girka. Shi ya tafi a kan cewa bangon da ya raba ɗakin zuciya na dama da na hagu yana da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan jini ke tsallakawa. Ibnu Sina ya karɓi wannan a littafinsa Alƙanun, ya kuma tafi a kan cewa manyan ɗakunan zuciya uku ne. A wancan zamani saɓa wa waɗannan mutum biyu ba ƙaramin abu ba ne, domin littattafansu su ne madogarar kowane likita.

Abin da ya bayyana

Wajajen shekara ta 640 (1242), yana ɗan shekara 30 da 'yan kai, Ibnun Nafis ya ware sassan Alƙanun da suka yi magana kan ƙirar jiki ya yi musu sharhi, a littafin da ake kira Sharhu Tashrihil Ƙanun. A ciki ya tabbatar da abubuwa huɗu.

Na farko, bangon tsakiyar zuciya mai kauri ne, babu ƙofa a jikinsa, ta bayyane ko ta ɓoye. Wannan abu ne da mai karatu zai iya dubawa da kansa: ranar Babbar Sallah, idan an feɗe ragon layya, a tsaga zuciyarsa gida biyu, za a ga tsoka ce mai ƙarfi tsakanin ɗakunan.

Na biyu, tunda babu hanya ta bango, dole jinin ɗakin dama ya bi babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya haɗu da iskar numfashi, sannan ya biyo wata jijiyar ya zubo ɓangaren hagu.

Na uku, manyan ɗakunan zuciya biyu ne, ba uku ba.

Na huɗu, zuciya ba ta cin abincinta daga jinin da ke cikin ɗakinta. Akwai jijiyoyi da suka ratsa namanta suna ciyar da ita. Toshewar waɗannan jijiyoyi ita ce ke jawo ciwon zuciyar da kan kayar da mutum farat ɗaya.

Ya kuma yi nuni da cewa lallai akwai 'yan hanyoyi ƙanana a cikin huhu da ke haɗa jijiyar shiga da ta fita. Ba a gan su da ido ba sai a 1661, lokacin da Malfigi na Italiya ya hango su da madubin ƙara girma.

Adalci shi ne a faɗi iyakar abin da ya kai gare shi. Ya bayyana tafiyar jini tsakanin zuciya da huhu ne. Cikakken zagayen jini a jiki duka, daga zuciya ta jijiyoyin fita ya dawo ta jijiyoyin shiga, Wiliyam Habi na Ingila ya tabbatar da shi a 1628. A gabatarwar sharhinsa, Ibnun Nafis ya ambata cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, don haka ya dogara da siffantawar magabata, amma bai bi su a inda hujja ta nuna sun yi kure ba.

Littattafansa

Ya fara wani kundi mai suna Asshamil, da niyyar ya kai mujalladi 300, ya samu kammala 80. Ana jingina masa Almujaz, taƙaitaccen littafin likita da ɗalibai suka yi ƙarnoni suna karantawa, da Almuhazzab a kan cututtukan ido. Yana da Almukhtasar a ilimin usulul hadisi, da Arrisalatul Kamiliyya, wadda ya kare annabci da tashin ƙiyama a cikinta ta hanyar hujjar hankali.

Masu tarihinsa sun ce idan zai yi rubutu, sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa bango, ya riƙa zubowa daga ka. In wani ya dakushe sai ya ɗauki wani, don kada lokaci ya tafi a fiƙa.

Rasuwarsa

Bai yi aure ba. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a 683 (1284). An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wasu likitoci abokansa sun ba shi shawarar ya kurɓi giya a matsayin magani, sai ya ƙi, yana mai ƙyamar ya haɗu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira cikin watan Zulƙida na 687, daidai da Disamba 1288, yana da kusan shekara 80.

Bayan rasuwarsa

Bayaninsa kan huhu ya daɗe ba a kula da shi ba. A Turai, Sabetus ya rubuta irinsa a 1553, Kolombo kuma a 1559, aka riƙa jingina musu shi. Sai a 1924 wani likita Bamisre mai karatu a Jamus, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin karatu na Barlin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa, haƙƙi ya koma ga mai shi.

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, a rayuwar wannan bawan Allah akwai amsa ga iyayen da ke fargabar cewa karatun likita zai raba ɗansu ko 'yarsu da addini: ga mutumin da ya haɗa biyun, bai tauye ko ɗaya ba. Malamai irin su Imam Algazali sun lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi. Akwai kuma darasi ga ɗalibi: Ibnun Nafis ya girmama Ibnu Sina har ya ɓatar da shekaru yana hidimar littafinsa, amma girmamawar ba ta sa ya rufe ido a kan kuskurensa ba.

Allah ya gafarta masa, ya amfanar da mu da ilimi mai amfani. Allah ne mafi sani.