John Coltrane: Mabushi da Makaɗinsa

Ya kai ɗalibi, ko ka taɓa jin busar saksafon? Abin busa ne na tagulla, muryarsa ta yi kusa da ta algaita. Cikin waɗanda suka gwanance da shi a kiɗan jaz, da wuya ka sami wanda ya kai John Coltrane.

An haife shi a garin Hamlet na ƙasar Amurka a shekarar 1926. Ya yi suna ne bayan ya shiga ƙungiyar Miles Davis a 1955, amma shan miyagun ƙwayoyi ya sa aka sallame shi a 1957. A shekarar nan ya yi fama da kansa har ya daina, sannan ya duƙufa ga busa dare da rana.

A 1965 ya ɗauki wani makaɗin ganga, Rashied Ali, wanda bai yi suna ba tukuna. Masu sauraro da yawa ba su ji daɗin kiɗan Ali ba, domin ba ya riƙe amo guda da za a taka rawa da shi. Coltrane kuwa abin da yake nema ke nan.

Ranar 22 ga Fabrairu, 1967, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti su biyu kaɗai, babu mai fiyano, babu kowa. Ka yi tunanin nauyin da ke kan makaɗin: in ya kuskure, ba wanda zai rufa masa asiri. Coltrane yakan kaɗa 'yan ƙararrawa, Ali ya shigo da ganga, sai busa ta biyo baya. An sa wa kiɗe-kiɗen sunayen taurari, har da wadda Hausawa ke kira Zara matar wata.

Coltrane bai ga fitowar aikin ba. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa ranar 17 ga Yuli, 1967, yana da shekara arba'in. Aikin ya zauna a ajiye har 1974, lokacin da aka fitar da faifansa da sunan Interstellar Space.

Ka kuma san cewa yana da aboki ɗan Nijeriya, makaɗi Babatunde Olatunji, mutumin Ajido kusa da Badagari. A cibiyar Olatunji da ke Niyok ya yi wasa a watan Afrilu na shekarar rasuwarsa, Ali na kan ganga. Shi ma wannan faifan bai fito ba sai a 2001.