Muhammadu Bello, sarkin da ya yi siyasa da taswira

Masu bibiyar shafinmu, yau a filin tarihi mun waiwayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ba baƙo ba ne a wajenmu, tunda mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi.

An haifi Bello a 1781. Yana saurayi ya shiga jihadin 1804, ya gina ganuwar Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Malami ne mai alƙalami: a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812 ya bayyana ƙasashen baƙar fata, da mutanensu, da sarakunansu.

To, abin da ya fi jan hankalinmu ya faru a 1824, lokacin da Baturen Ingila Kilafaton, wanda ake ce wa Abdullahi, ya sauka Sakkwato. Babbar buƙatarsa ita ce ya san inda kogin Kwara, wato kogin Isa, yake ƙarewa. A hira, Bello ya zana masa a kan rairayi yadda kogin ke gangarawa teku. Amma taswirar da aka ba shi a takarda, mai garuruwa da hanyoyin da ke haɗa su da bayani da Larabci, sai ta nuna kogin ya miƙe gabas har Masar. Haka kuma aka buga ta a Landan a 1826.

Me ya kawo bambancin? Wasu masana na ganin an bi ra'ayin tsofaffin malaman Larabawa ne. Wasu kuwa sun ce da gangan ne: Bello ya ji labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya, ya gane duk wanda ya san bakin kogi ya san ƙofar gida. Ko Yawuri ma bai bar baƙon ya je ba. Kilafaton ya komo, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827 bai samu amsa ba. Sai a 1830 ƴan'uwan nan biyu masu suna Landa suka bi kogin har teku.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa yake. Bayan shekara 66 Ingilishi suka ci Sakkwato.

Kun ga ke nan, jama'a, zane ba ado kaɗai ba ne. Mai zana hanyoyi shi ke zaɓar abin da za a gani da abin da za a ɓoye. Mu ma shaida ne: layin da Faransa da Ingila suka ja a takarda, shi ne har gobe yake tsayar da mu tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya.