Ibnul Haisam, Malamin da Ya Bi Diddigin Idanu Biyu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata yarinya ce 'yar shekara huɗu, jikar yayana, da na tarar a garinmu Kurawa ta ƙasar Sabon Birni. Idonta na hagu ya karkata wajen hanci, yara suna tsokanarta da harara-garke, manya kuwa sun yanke hukuncin cewa iska ce ta shafe ta. Da na kawo shawarar a kai ta wurin likitan ido, sai wani dattijo ya ce mini ai wannan ilimin Nasara ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin wanda ya fi kowa fayyace yadda idanu biyu ke haɗuwa su ga abu ɗaya a zamanin da, Musulmi ne, wato Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, a can ya ƙware a lissafi da ilimin taurari. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya taɓa bugun ƙirji zai iya sarrafa ambaliyar Kogin Nilu, labari ya kai kunnen Halifan Faɗimiyyawa na Masar, Alhakim bi Amrillah, ya aika aka zo da shi. Da ya isa kudu wajen Aswan ya ga girman ruwan, sai ya tabbatar aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, ya dawo ya faɗi gaskiya. Alhakim kuwa mutum ne mai saurin zubar da jini, don haka malamin ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har zuwa 1021 da mulkin halifan ya ƙare. Ni dai ban ga laifinsa ba. In da rai da rabo. Madatsar farko a Aswan sai a 1902 aka kammala ta.

A tsakanin waɗannan shekaru ne ake kyautata zaton ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i bakwai a kan gani da haske. A ciki ya rushe tsohuwar fahimtar da ke cewa ido ne ke fitar da haske zuwa ga abin kallo, ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido.

Amma abin da ya fi jan hankalina yana juzu'i na uku. Tunda idanu biyu gare mu, kowanne da nasa hoton, me ya sa ba ma ganin komai bibbiyu? Ibnul Haisam ya bayyana cewa daga kowane ido akwai miƙaƙƙen layi zuwa abin da mutum ya ƙura wa ido, kuma layukan nan biyu suna haɗuwa a kansa, ta yadda hoton zai faɗa a wurare masu dacewa da juna a cikin idanun, sannan ya haɗu ya zama ɗaya. Ya kuma lura cewa idanu ba sa tafiya a rarrabe: in ɗaya ya motsa, ɗayan ma sai ya motsa daidai gwargwadonsa. Bai tsaya ga zance ba. Ya samo allo mai tsawon kamu ɗaya da faɗin yatsa huɗu, ya yanke masa gurbin hanci, ya ja layuka masu gicciye, ya tsayar da 'yan sandunan kakin zuma masu launi daban-daban. In aka ƙura wa na tsakiya ido, wanda ke gabansa ko bayansa sai ya rabu biyu. Mai karatu na iya jarrabawa yanzu: ɗaga yatsanka kusa da hanci, ka kalli bango, za ka ga yatsu biyu, dawo da kallonka kan yatsan, za ka ji idanunka sun karkato ciki, ya koma ɗaya.

Don adalci, Batlamiyus na Iskandariyya ya yi makamancin wannan gwaji tun ƙarni na biyu, Ibnul Haisam ya ɗora a kai ne ya gyara. Shi ma ya yi kuskure, domin ya ɗauka ƙwayar gilashin ido ce ke karɓar hoto, sai a 1604 Kepler ya nuna cewa a bangon bayan ido hoton ke sauka. Ina faɗin haka ne saboda mun cika kirari ga magabata ba tare da mun buɗe littattafansu ba, alhali shi kansa littafi guda ya rubuta na shakku a kan Batlamiyus.

Ya ƙare rayuwarsa kusa da Masallacin Azhar, yana cin abinci da kwafar littattafan lissafi da hannu, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572. Ƙa'idar motsin idanu tare kuwa yau da sunan Bajamushe Ewald Hering ake kiranta, wanda ya bayyana ta a 1868.

Yanzu an san tsoka shida ce ke juya kowane ido. In suka saɓa a wurin ƙaramin yaro, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da hoton idon da ya karkata don gudun gani bibbiyu, sannu a hankali idon ya raunana, kuma gyaransa kan yi wuya in yaro ya wuce shekara bakwai ko takwas. Da wannan bayani, da labarin allon kakin zuma, na shawo kan yayana. Duk da halin da hanyar Sabon Birni ke ciki, mun kai yarinyar Sakkwato, likita ya rubuta mata tabarau, ya ce a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum domin ɗayan ya koyi aiki. Dattijon nan kuwa ya aiko a tambaye ni sunan malamin, wai zai nemi littafin a wurin masu sayar da littattafai a Kano.